Rariyar da Muka Fasa: Nazarin Lamarin Wata Motar Makaranta a Kaduna

Yayata tana da makarantar nazare da firamare a wata unguwa ta arewacin Kaduna. Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata sakandare, amma duk ƙarshen wata ni nake zama in daidaita mata lissafin shiga da fita. Saboda haka abin da zan ba da labarinsa da hannuna a ciki: ni na ƙirga kuɗin da aka biya aka fasa rariyar hayaƙin motar makarantar, ni kuma na ƙirga wanda aka biya aka mayar da wata daga baya. Na ga ya dace in rubuta shi dalla-dalla, domin irin motar nan ta cika gari, kuma abin da aka yi wa tamu ana yi wa wasu kullum, mai mota da bakanike su rabu suna yi wa juna godiya.

Motar da aikinta

Bas ce ƙirar Jamus ta 2012, 'yar Beljiyam, mai shan gas, wato man dizal. A ƙarshen 2021 aka saye ta. Dalilin Yaya a fili yake: lita ɗaya ta gas ta fi ta fetur nisan tafiya, injin kuma yana da ƙarko. Ranar ciniki dillalin ya yi wani abu da ya tsaya min a rai. Ya zaro farin hankici, ya rufe bakin salansa da shi, ya sa yaronsa ya taka totur, sannan ya warware mana. Fari fat. Ya ce, "Hajiya, kin taɓa ganin motar gas da ba ta hayaƙi? To ga ta." Gaskiya ya faɗa. Bai dai faɗi dalili ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Aikinta shi ne kwasar yara daga Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa da Malali da safe, a mayar da su da rana. Zagayen duka bai kai kilomita 15 ba, kuma tsayawa ce bayan tsayawa: ƙofar wannan gida, bakin wancan layi, jiran yaron da bai gama karyawa ba. Da wuya ta wuce giya ta uku.

Direban dattijo ne, yara da malamai duk Baba suke ce masa. Ya yi shekaru yana jan tanka tsakanin Kaduna da Legas kafin ƙarfi ya ja baya, kuma ya zo mana da tarbiyyar tsohon inji: a ta da mota da asuba a bar ta ta yi ɗumi kamar minti ashirin, sannan ba a yawan kashe injin gas ana kunnawa. A kan tankar da ya saba da ita babu mai ce masa ya yi kuskure. Wannan motar ce dai ba irin waccan ba.

Abin da ya sa hankicin ya fito fari

A ƙarƙashin motar, tsakanin inji da bakin salansa, akwai wata tukunyar ƙarfe mai kama da ƙaramar ganga. A cikinta akwai dunƙulen gasasshen yumɓu mai siraran ramuka dubbai, kamar saƙar zuma. An toshe ramukan ne bi da bi: wanda bakinsa ke buɗe gindinsa a toshe yake, maƙwabcinsa kuma akasin haka. Hayaƙi in ya shiga ba shi da mafita sai ya ratsa ta jikin bangon yumɓun, kamar yadda ruwa ke tsatsafowa ta jikin sabuwar randa. Iska ta wuce, kunkunniya ta maƙale. A takardun mota DPF ake rubutawa. Ni rariyar hayaƙi nake ce mata. In tana da lafiya tana kama fiye da kashi 90 cikin 100 na kunkunniyar da injin ya fitar.

Mutanen Kaduna suna da wata alaƙa da tarihinta ko da ba su sani ba, domin Peugeot, kamfanin da aka fara harhaɗa motocinsa a Kakuri tun 1975, yana cikin waɗanda suka fara fito da ƙaramar mota ɗauke da rariyar tun daga masana'anta, wato 607 a shekarar 2000. Da ƙa'idar hayaƙin mota ta Turai ta biyar ta fara aiki a 2009, ta rage kunkunniyar da aka yarda ƙaramar motar dizal ta fitar daga miligiram 25 zuwa miligiram 5 a kowace kilomita, sai ya zama babu mai iya cika sharaɗin ba tare da rariya ba. Motarmu 'yar wannan zamani ce.

Rariya kuwa dole ta cika, kuma wannan ba a ciro ta a kakkaɓe. Ƙona abin da ta tara take yi. In mota ta miƙe a babbar hanya, salansa ya yi zafi sosai, kunkunniyar tana cinyewa a hankali da kanta. In hakan bai samu ba, kwamfutar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana auna matsin iska kafin rariyar da bayanta ta wasu siraran bututu biyu. Da ta ga an kusa cika sai ta ƙara fesa mai bayan bugun inji, man ya ƙone a cikin salansa, zafin ya kai wajen digiri 600, kunkunniyar ta zama iska. Wannan aiki yana son kamar minti 10 zuwa 20 ana tafiya ba a kashe inji ba.

Nan gizo ke saƙar. A zagayen Kawo zuwa Malali salansar ba ta taɓa yin zafin da za ta wanke kanta ba. Duk lokacin da kwamfutar ta fara ƙonawa, kafin ta yi nisa an iso makaranta, ko an tsaya jiran yaro. Ɗumin asuba na Baba kuma, inji yana sulo yana da sanyi, shi ne lokacin da ya fi tara kunkunniya ba tare da zafin da zai ƙone ta ba. Akwai ma wata alama da ta bayyana muka yi mata gurguwar fahimta. Wata rana Baba ya ce da ni, cikin jin daɗi, "Malam, motar nan ba ta shan baƙin mai ko kaɗan, in na auna har ƙaruwa nake gani." Ashe gas ɗin da kwamfutar ke fesawa don ƙonawa ne, da ake katse aikin, yake zirarewa ta jikin fistin ya gauraya da man inji. Man ba ƙaruwa yake ba, tsinkewa yake.

Man da muke zuba mata

Ba zagayen kaɗai ya kashe rariyar ba, kuma a nan laifin ya wuce ƙofar makaranta.

Akwai farar wuta a cikin ɗanyen mai, kuma matata ce ke cire ta. A Turai tun 2009 dizal ba ya wuce kashi 10 cikin miliyan na farar wuta. Don irin wannan mai aka ƙera motarmu. A Najeriya an daɗe ana halatta har kashi 3,000. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da sakamakon gwajin man da ta saya a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, inda ta samu wanda ya ninka ƙa'idar Turai sau 378, kuma ta nuna cewa da gangan 'yan kasuwa ke haɗa shi a tashoshin Turai don kasuwar Afirka. A Disamban shekarar Najeriya da Gana da Togo da Binin da Kwaddebuwa suka zauna a Abuja suka yi alkawarin komawa kashi 50. A Fabrairun 2020 ƙungiyar ECOWAS ta mai da shi ƙa'idar yanki. Alkawari kan takarda daban, abin da ke fitowa daga famfo daban: a 2020 ɗin nan wata ƙungiya mai aiki a Neja Delta ta gwada dizal na gidajen mai ta samu matsakaicinsa ya haura kashi 2,000.

Farar wuta tana lulluɓe ƙarafa masu daraja da aka shafa a cikin salansar, waɗanda su ke taimaka wa kunkunniya ta ƙone a ƙaramin zafi, sai su raunana. Ita kanta kuma tana zama ƙananan ƙwayoyi da ke ƙara cika ramukan. A 2022, shekarar da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo har ya ninka fiye da biyu, mun ƙara wa kanmu: Baba ya samu wani ɗan bumburutu mai rangwame, ni kuma da na ga lissafin wata ya sauko ban tambayi ina aka samo ba.

Sai man juye. Injin da ke da rariya yana son man inji mai ƙarancin toka, wanda a jikin galan ɗinsa ake sa harafin C da lamba bisa ma'aunin Turai. Kunkunniya tana ƙonewa, amma tokar da man inji ke bari ba ta ƙonewa ko da wane zafi. Zama take yi a gindin ramukan har sai an wanke. Mu kuwa mai kaurin nan na manyan motoci ake ɗibo mana daga durom.

Ranar da aka fasa

Wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta fara kunnuwa a dashbod tun zango na biyu. Takan mutu ta dawo. Baba ya ce wayarin ne. Wata Litinin cikin damina, a kan gadar Kawo, motar ta ƙi jan jikinta. Ko an taka totur har ƙasa tafiyar hawainiya take. Kwamfutar ce ta rage mata ƙarfi da gangan don kada matsin ya lalata turbo, na'urar da ke ɗura wa inji ƙarin iska.

Ni na bi ta gareji. Bakaniken ya leƙa ƙasa, ya fito yana goge hannu, ya ce, "Yallaɓai, indomin ne ya toshe." Haka kanikawa ke kiran duk abin da ke cikin tukunyar salansa, saboda kamarsa da taliyar leda. Na ce mene ne mafita? Ya ce, "Sabo sai an yi oda daga waje, kuɗinsa kuma ba za ka so ji ba. Kuma ko ka sa, da man ƙasar nan wata shida ka dawo. Motocin nan ba don mu aka yi su ba. A fasa a zubar, mota ta numfasa. Haka muke yi wa kowa."

Ba na zarginsa da cuta. Rabin maganarsa gaskiya ce tsantsa, kuma ya ba ni abin da yake ganin zai fisshe ni, ga yara na jiran mota gobe da safe. Na kira Yaya, ta ce, "Kai ka san kimiyya, abin da ka gani shi ke nan." Wannan magana tata ita ta fi yi min nauyi har yau. Na san abin da kunkunniya take yi wa huhu, ina koyar da shi a aji. Amma a gaban garejin nan tunanina bai wuce kuɗin aiki da motar gobe ba.

Mai walda ya yanka tukunyar, aka sa rodi aka farfashe yumɓun, aka zazzage shi a buhu, aka liƙe ƙarfen kamar ba a taɓa ba. Wani saurayi ya zo da kwamfutar hannu ya goge labarin rariyar daga birenbos don fitilar ta daina kunnuwa. Kafin mu tashi wani ya zo ya auna buhun ya saye, saboda filatinam da faladiyam da ke jikinsa suna da kasuwa, aka rage min kuɗin daga na aiki. Motar ta fito tana gudu kamar sabuwa. Baba ya yi hamdala.

Inda kunkunniyar ta koma

Bango ne ya fara ba da shaida. Baba yana ajiye motar ne da baya, bakin salansa yana fuskantar bangon ajin 'yan nazare, kamar taku biyu daga tagarsu. Cikin makonni wani baƙin tabo ya fito a fentin, mai faɗin faifai. Sai mai awarar bakin ƙofa ta ce wani baƙin gari yana sauka a kan man suyarta in motar tana ɗumi. Sai fararen hijaban yaran da ke layi a gefen motar lokacin tashi, inji yana sulo, suka fara dafewa. Duk mun gani, muka ce ai motar gas ce.

Akwai abin da ban lura da shi ba sai daga baya, kuma shi ne ƙashin bayan lamarin. Injin da aka ƙera da rariya ba daidai yake da tsohon inji in an cire masa ita ba. Masu ƙera inji suna tsakanin abu biyu: in suka sa mai ya ƙone da zafi sosai, kunkunniya ta ragu amma iskar naitirojin mai ƙona maƙogwaro ta ƙaru, in suka rage zafin ta hanyar mayar da wani ɓangaren hayaƙi cikin inji, iskar ta ragu amma kunkunniya ta ƙaru. Tun da suna da rariya a baya, sai suka zaɓi na biyu, suka bar wa rariyar sauran aikin. Wanda ya fasa ta ya saki inji ne da aka saita shi ya yi kunkunniya. Ga shi kuma nozul na zamani, wato bakin da ke ba inji mai, yana fesa shi da matsi mai tsanani, ƙwayoyin da ke fita ƙanana ne ƙwarai. Baƙin da ya tsaya a bango shi ne mai kauri. Wanda ido ba ya gani ya fi yawa.

Ƙwayoyin da likitoci suka fi damuwa da su faɗinsu bai wuce maikiromita 2.5 ba, silin gashin kai ya fi su kauri sau ashirin ko fiye. Na dizal da yawansu ma ba su kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Gashin hanci ba ya tare su, majina ba ta kama su, suna zarcewa har ƙarshen huhu, mafi ƙanƙantarsu su ratsa cikin jini. A watan Yuni na 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai zama a birnin Liyon na Faransa, ta sa hayaƙin dizal a rukuni na ɗaya, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam, kuma na huhu ta ambata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar waje ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 4.2 a 2019, akasari ta ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da cututtukan huhu. A 2021 ta rage ma'auninta na waɗannan ƙwayoyi zuwa maikirogiram 5 a kowace kubik mita ta iska a matsakaicin shekara. Yaro kuma ba ƙaramin babba ba ne a wannan fage: ya fi babba saurin numfashi, huhunsa bai gama ginuwa ba, hancinsa kuma ya fi kusa da bakin salansa. Ɗan shekara huɗu in ya tsaya a bayan bas, kusan shi da bututun tsayinsu ɗaya.

Da hunturu ya shigo lamarin ya fito fili. Duk ɗan Kaduna ya san safiyar Disamba da Janairu: ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta rufe gari, iska mai sanyi ta kwanta a ƙasa, hayaƙi ya ƙi tashi. Na masu shayi, na bola, na janareta, duk a tsayin mutum suke tsayawa har rana ta ɗaga. A cikin wannan Baba ke ɗumama mota a gindin taga.

Wata safiya mahaifiyar wata yarinya 'yar shekara shida ta shigo ofis, ina nan ina lissafi. Yarinyar tana da asma tun tana ƙarama, amma a zangon nan sau uku ana kwana da ita a asibiti. Ta gaida Yaya ta zauna, ta ce, "Hajiya, ba ƙorafi na kawo ba, tambaya ce. Likita ya tambaye ni ko muna girki da itace, na ce a'a. Ko muna kunna maganin sauro na hayaƙi, na ce a'a. Ko akwai janareta kusa da ɗakinta, na ce babu. Ya ce to a makaranta fa? Sai na tuna in na wanke hijabinta ruwan baƙi yake yi." Likitan bai ce motar ce ta sa mata ciwon ba. Cewa ya yi hayaƙi yana ta da shi, a nisanta ta da shi. Yaya ta juyo ta dube ni. Ban ɓoye komai ba, na faɗa musu abin da aka cire da aikin da yake yi.

A Landan an yi irin wannan, kuma can har kotu ta kai. Ella Adoo-Kissi-Debrah, 'yar shekara 9 da ke zaune kusa da wata babbar hanya a kudancin birnin, ta rasu a 2013 bayan tashin asma, kuma a Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta gurɓatar iska a cikin abin da ya kashe ta, karo na farko a Birtaniya. Labarinta na karanta wa Yaya a daren nan, ba don in tsorata ta ba, don ta san abin ba zato ba ne.

Gyara

Shawarar farko da aka kawo ita ce a sayar da motar a huta. Yaya ta ce, "In sayar wa wa? Wata makarantar ce za ta saya, 'ya'yan wasu su shaƙa. Ba zan yi ba." Na ji daɗin wannan amsa fiye da yadda zan iya faɗa.

Mun fara da abin da ba ya cin ko sisi. Aka sauya wurin ajiye mota zuwa ɗaya gefen harabar, bakin salansa ya fuskanci fili. Aka hana ɗumin asuba. Minti ɗaya ya isa, sauran ɗumin a kan hanya. Lokacin tashi sai yara sun gama shiga an rufe ƙofa sannan a ta da inji. Baba bai so ba da farko. Ya ce, "Malam, na girmi motar nan da shekara hamsin, yau ita za ta koya min tuƙi?" Na ce, "Baba, ba ita za ta koya maka ba, jikokinka na cikin aji nake roƙa wa." Ya yi shiru, bai sake musu ba, kuma tun daga ranar babu wanda ya kai shi kiyaye dokar.

Mayar da rariya sai da aka jira dogon hutu. Mun nemi 'yar Beljiyam a wajen masu kayan gyara. Ta farko da aka kawo, da muka haska tocila ciki, wayam: an riga an ƙwaƙule ta, gwangwani kawai aka sayar mana, muka mayar. Wannan ba baƙon abu ba ne. Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ruwaito a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, Afirka ce ta fi kowa karɓa, kuma binciken da aka yi a Holan ya samu wasu an cire musu kayan tace hayaƙi tun kafin su hau jirgi. Ta biyu ta zo da cikinta lafiya, babu tsaga. Aka wanke tokarta, aka busar.

Wani bakanike mai na'urar bincike ne ya yi aikin, kuma ya ƙi ɗaura ta sai da ya bi diddigin abin da ya kashe ta farkon. Ya samu nozul ɗaya yana ɗiga, ya samu bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji ya daskare da baƙin maiƙo, ɗaya daga siraran bututun nan biyu kuma a toshe yake. Ya ce da an duba waɗannan tun ranar da fitila ta fara kunnuwa, aka ɗan fita da motar babbar hanya, da ba a kai ga walda ba. Abin da ya fi ba shi wahala shi ne mayar da abin da saurayin nan ya goge daga birenbos. Jimillar kuɗin ta ninka na fasawa sau da yawa, sai da Yaya ta ɗage fentin ajujuwa zuwa wata shekara. Arahar da muka bi a garejin farko, gyaran gangar Auzinawa ce.

Yanzu gidan mai ɗaya muke sha, da rasit. Man juye sai mai harafin C, ni nake saye da kaina. Duk Asabar Baba yana fita hanyar Zariya ya miƙe kamar rabin awa ba tsayawa, ya juyo. Ya kuma koyi alamun ƙonawa: sulo ya ɗan tashi, fanka ta kama, wani warin zafi ya taso daga ƙasa. In ya ji haka ba ya kashe inji, kuma ba ya tsayawa a kan busasshiyar ciyawa, domin salansa mai digiri 600 da ciyawar rani ba sa haɗuwa.

Man ma ya soma sauyawa. Holan a 2023, Beljiyam a 2024, sun hana fitar da mai mai yawan farar wuta daga tashoshinsu, matatar Dangote kuma ta fara sayar da dizal a 2024. Ƙa'idar kashi 50 tana rubuce, ko da yake ta ninka ta Turai sau biyar. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 kuwa ta yi shekaru ba ta tace komai ba.

Abin da rariyar ba ta yi

Kada a ɗauka motar ta zama tsarkakakkiya. Rariya kunkunniya kawai take kamawa. Iskar naitirojin tana fita, kuma ita ce aka kama Volkswagen da maguɗi a kanta a Amurka a Satumban 2015, maguɗin da ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya. Sababbin motoci suna rage ta da wani ruwa mai sinadarin yuriya, irin na takin zamani, amma tamu ba ta da wannan. Kowace lita ta dizal kuma tana sakin fiye da kilo biyu da rabi na iskar kabon mai ɗumama duniya, da rariya ko babu. Abin da ta tsare dai shi ne mafi kusa da huhun yara, kuma shi kansa baƙin kabon ɗin yana cikin masu ɗumama sararin sama.

Dokar hayaƙin motoci tana nan a ƙasar nan tun 2011 ƙarƙashin NESREA, hukumar tarayya mai kula da bin ƙa'idojin muhalli. A Birtaniya tun 2014 motar da aka cire wa rariya ba ta cin jarrabawar shekara. Mu kuwa mun sabunta takardun motar nan lokacin da cikinta yake wayam, babu wanda ya sunkuya ya leƙa. Amma ba zan jingina komai ga hukuma ba, domin in aka tsaurara doka alhali man da ke famfo yana toshe rariya, mai mota aka matse tsakanin bango biyu. Mai mai tsabta ne farko, sannan kanikawan da suka iya wanke rariya ba fasa ta ba, sannan bincike.

Da Yaya za ta sake tambayata, cewa zan yi kada ta sayi motar gas don wannan zagaye. Mai jigila Kaduna zuwa Kano ko Abuja, ita ce daidai da shi, domin hanyarsa da kanta take wanke rariyar. Mai zagayen unguwa ya nemi ta fetur, ko wadda aka mayar mai amfani da iskar gas ta tukunya. Duk wanda dillali ya nuna wa farin hankici, ya tambayi abin da ke ƙarƙashin motar da irin tafiyar da take so.

Yarinyar tana aji uku yanzu. Har yau tana yawo da abin shaƙarta a jaka, hunturu kuma yana taɓa ta, amma ba a sake kwana da ita a asibiti ba a zangon sanyin da ya biyo baya. An shafe tabon bango. Ranar Larabar makon jiya fitilar ta sake kunnuwa bayan kwana biyu na gosulo a Kawo. Baba ya sauke yaro na ƙarshe a Malali, ya kira ni ya ce, "Malam, ta kunna, zan ɗan miƙe." Ta mutu kafin ya kai Mararrabar Jos, inda ya juyo a tsakanin tankoki da tireloli da ke jere a bakin hanya, wasunsu suna sulo, yara masu tallar ruwa suna ratsawa ta bayansu.